Biza a filin jirgi: maganar wa zan bi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda ya taɓa karɓar biza bayan saukarsa a wata ƙasa ya warware mini wannan.

Ƙasar da zan je ta rubuta a shafinta na shige da fice cewa masu irin fasfona za su iya karɓar biza a filin jirgi, kamar yadda Ruwanda ke yi wa kowa tun 2018. Na tanadi tikitin dawowa, takardar otal da katin rigakafin shawara, fasfona kuma ya haura wata shida kafin ya ƙare. Amma da na kira kamfanin jirgin, ma'aikaciyar ta ce ba za su bar ni in hau ba sai da takardar amincewa da ake nema ta intanet kafin tafiya. Wai haka Timatic, manhajar da ke nuna ƙa'idojin shiga kowace ƙasa, ta nuna mata, kuma manhajar suke dubawa domin idan aka mayar da fasinja, kamfanin ne ake ci tara. Na fahimci tsoronsu, amma shafin ƙasar bai ambaci wannan takarda ba ko kaɗan, ofishin jakadancinsu kuma shiru kake ji.

To wa ke da ta cewa a nan? In na buga shafin ƙasar a takarda na nuna a wurin auna kaya, za su karɓa? Kuma kuɗin bizar, ana amsar kati ko sai dala a hannu?