Wutar gidanmu tana hawa da sauka, shin sitabilaiza zai magance matsalar?

Abban Sadiya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harkar lantarki, domin wata biyu ke nan wutar gidanmu ba ta tsayawa waje ɗaya. Da zarar an yi sallar magariba sai ta yi ƙasa, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar, firiji kuma ya yi ta gurnani ya kasa tashi. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne daren Talata, lokacin da maiɗakina ta jona dutsen guga, sai ƙwan ɗakinmu ya dushe, na falo kuma ya yi haske fiye da kima har ya ƙone, cajar waya biyu suka bi shi. Layi uku aka ja mana, aka rarraba su a ɗakuna. Maƙwabcina ya ce in sayi sitabilaiza in huta. Shin hakan zai wadatar?

Injiniya:

Wa alaikumus salam, Malam. Abubuwa biyu ka haɗa a bayaninka, kuma na biyun ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Taransifomar unguwa tana karɓar wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000, ta sauko da ita ta fitar ta wayoyi huɗu, uku masu wuta da ta huɗu da muke kira nutural. Tsakanin kowace waya mai wuta da nutural ya kamata a sami kimanin bolt 230, tsakanin masu wuta biyu kuwa kusan 400 ne. Raunin da kake gani da magariba yawanci nauyi ne ya yi wa taransifoma yawa, ko kuma gidanka yana ƙarshen layi kuma wayar siririya ce, ƙarfin ya zube a hanya kafin ya iso gare ka.

Amma ƙwai ɗaya ya dushe wani ya ƙara haske a lokaci guda, wannan alama ce ta nutural da ya saki ko ya tsinke. Idan haka ta faru, bolt 400 ɗin nan ne ke rabuwa tsakanin layukan gwargwadon kayan da ke jone a kansu, layin da ke ɗauke da dutsen guga ya faɗi, wanda ba shi da komai sai ƙwai da caja ya haura sama har ya ƙona su. Sau da yawa matsalar tana mahaɗar da wayar alminiyam ta haɗu da ta tagulla, inda tsatsa da zafi suke cinye wurin. Ina roƙonka ka kashe babban makunni, ka kira ƙwararren mai gyara ya auna kowane layi tun daga mita. Sitabilaiza ba ya gyara nutural, shi ma yana iya ƙonewa.

Maman Hanifa:

Injiniya ya yi gaskiya. Ni sana'ar ƙanƙara da zoɓo nake yi, kuma na yi asarar firiza guda kafin in gane cewa ƙarancin wuta ma yana kisa. Mai gyara ya nuna mini kwampreson, wayoyin cikinsa sun yi baƙi ƙirin, ya ce injin yana ta ƙoƙarin tashi ya kasa, yana jan wuta yana zafi har ya dahu. Bayan an gyara maka layi, Malam, ka sa wa firijin sitabilaiza wanda ya fi ƙarfinsa, mai jinkirta wuta na 'yan mintoci idan an dawo da ita.

Dattijon Unguwa:

Abin da zan ƙara shi ne, idan mai gyara ya tabbatar matsalar tana kan falwaya, kada ku ba wa yaran unguwa kuɗi su hau su canza layi, domin rai ake sakawa cikin haɗari, kuma tara gidaje a kan layi ɗaya shi ke ƙara dagula wutar kowa. Ka tambayi maƙwabta, ku rubuta koke ku kai sashen ƙorafi na kamfanin da ke ba ku wuta, ku riƙe kwafi mai hatimi. Idan ba a kula ku ba, hukumar NERC, mai sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya, tana da ofisoshin sauraron koken masu amfani da wuta.

Abban Sadiya:

Allah ya saka muku da alheri. Na kashe makunnin tun da safe, mai gyara kuma ya sami mahaɗar nutural a bayan mita ta narke. Ya gyara ta, saura maganar taransifoma, wadda za mu tattauna da maƙwabta bayan sallar Juma'a.