Taƙaitawa: myasthenia gravis a jikin tsofaffi

Ga abin da na tsinta daga wata doguwar tattaunawa kan yadda ake gane wannan ciwo mai sa tsokoki su yi rauni, da yadda ake maganinsa:

1. Kusan kowa ya yarda ana yawan ɗaukar ciwon a matsayin shanyewar ɓarin jiki ko tsufa kawai. Alamunsa: fatar ido ta sauko, gani biyu-biyu, tauna nama ta gagara, kuma da yamma abin ya fi tsanani.
2. Gwaji: jini, hoton ƙirji, ko ɗora ƙanƙara kan ido minti 2 a ga ko fatar idon za ta ɗaga.
3. Maganin pyridostigmine, mai taimaka wa tsokoki su yi aiki, ake fara bayarwa.
4. A kan maganin prednisolone, mai rage ƙarfin garkuwar jiki, aka rabu. Wasu sun ce a fara kaɗan-kaɗan, wasu na ɗari-ɗari da shi ga mai ciwon suga ko hawan jini.
5. A yi hattara da magungunan kwinin, gentamicin da ciprofloxacin, don suna iya tsananta ciwon.

Numfashi ya fara wuya? Asibiti nan take, nan babu saɓani.