Waɗanda aka gina filin ƙwallo na Olembe a gabansu, ku zo mu ji daga bakinku

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga wanda ya gani da idonsa. Yayana ya ji ana raɗe-raɗin za a gina sabon filin ƙwallo a bayan garin da yake zaune, har dillalai sun fara kwasar mutane suna nuna musu gonaki. Ya dage sai ya sayar da shanunsa ya kama fili a wajen, wai kafin a gama gini kuɗin ya ninka. Na san mutanen Yawunde suna da yawa a nan. Wanda ya yi aiki a Olembe, wato sabon filin ƙwallon Yawunde ta Kamaru, ko ya yi ciniki, ko yake zaune kusa, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya da shi.

Mai Walda na Briketeri:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni da hannuna na yi aiki a wurin, tun ana share ƙasa. Lokacin babu komai sai jar ƙasa da katafila da tifofi. Idan aka yi ruwa, takalmin aiki sai ya nutse har idon sawu, ka ɗaga ƙafa da ƙyar. Da rani kuwa ƙura ce, ka dawo gida kana tofar da ja.

Abin da mutane ba su sani ba, yawancin manyan sassan ginin ba a nan aka zuba su ba. Daga Italiya aka yo su, jirgin ruwa ya sauke a Duwala, mu namu haɗawa ne. Shi ya sa aikin yake tafiya da zuwan kaya: idan kwantena ta iso, ba dare ba rana, a kunna fitilu mu kwana muna walda. Idan kaya ya makale a hanya, sai mu wuni a gindin inuwa muna hira. A 2018 aka fi matsa mana, saboda an ce sai an gama kafin gasar cin kofin Afirka ta 2019. Sallah ma a kan buhun siminti muke yi, mutum biyu su tsaya, biyu su riƙe aiki.

Ranar 30 ga Nuwamba 2018 aka sanar da cewa an karɓe gasar daga hannun Kamaru. A rediyon wani lebura muka ji. Babu wanda ya ce mana a daina aiki, amma jikin kowa ya mutu. Daga nan albashi ya fara jinkiri. Ni ba babban kamfani ne ya ɗauke ni ba, wani ƙaramin ɗan kwangila ne, a ƙarƙashin wani, shi ma a ƙarƙashin wani. Ka je wajen heluma ya ce maigida bai kawo ba, maigida ya ce shi ma ba a biya shi ba. Har yau akwai haƙƙina a wuyansa, na bar shi da Allah.

Duk da haka ba na nadama. A can na koyi waldar sama, ina rataye da igiya a ƙugu, kuma da ita nake ci yau. In na wuce na hango ɓawon nan mai launi-launi da aka lulluɓe filin da shi, wanda aka ce daga jikin dabbar nan ɗankunya aka kwaikwayo, sai in ji wani abu a ƙirjina. Ina nuna wa yarana in ce ga inda babanku ya hau.

Direban Duwala:
Malam mai walda, Allah ya saka maka. Wataƙila har kayan da na ɗauko ka haɗa. Mu wahalarmu jira ce: jira a tashar jirgin ruwa, jira a kan hanya, sannan ka shigo Yawunde da dogon kaya ka rasa inda za ka karya kwana. Sai tsakar dare muke ratsa gari.

Inna Mai Shinkafa:
Ɗana, bari in ba ka nawa, don ni ciniki na yi. Rumfa na kafa a bakin hanyar da leburori ke shiga. Da asuba kunu da fanke da wake, da rana shinkafa da miya. Wallahi lokacin da aiki ke ci, kafin azahar na kankare tukunya. Har yara biyu na ɗauka suna taya ni wanke-wanke. Da kuɗin wurin na aurar da 'yata ta fari, ba zan ɓoye alherin Allah ba.

Abin da ya karya ni bashi ne. Lebura ba ya da kuɗi a hannu sai an biya shi, to dole ki ba shi ya ci ki rubuta. Ina da littafi, kowa da shafinsa. Da biya ya tsaya, ka ga mutum ya zo ya tsaya nesa da rumfa yana jin kunya, ga yunwa a fuskarsa. Ya za ki yi? Ki zuba masa. Wasu 'yan arewa ne, daga Marwa, daga Kuseri, ba su da kowa a garin. Da abin ya yi tsawo suka hau jirgin ƙasa na Ngaundere suka tafi. Ban riƙe su a zuciya ba, su ma cutarsu aka yi. Mutum ɗaya ne ya aiko mini da nasa bayan ya koma gida, Allah ya yi masa albarka.

Da aka gama gini na ɗauka yanzu ne kasuwa za ta buɗe. Ashe ta rufe ke nan. Ranar wasa jami'an tsaro ba sa barin mai talla ya matso, can nesa ake tsayar da mu, mutane kuma sauri suke su shiga. Ranar da babu wasa, ko kare ba ya wucewa. Na kwashe tukwanena na dawo cikin gari.

Malamin Etudi:
Inna ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara da lissafin shekaru, don Auta ya gane tsawon jiran da yayansa zai iya yi. A 2014 hukumar ƙwallon Afirka, wato CAF, ta ba Kamaru gasar 2019, lokacin ƙasashe 16 ne ke bugawa. A 2017 aka mayar da su 24, nauyi ya ƙaru ana tsakiyar shiri. Kamfanin Piccini na Italiya aka fara ba kwangilar Olembe, kan sefa biliyan 163. A ƙarshen 2019 aka karɓe aka ba Magil na Kanada. Ko gasar CHAN, ta 'yan wasan da ke bugawa a cikin gida, da aka yi a farkon 2021 ba a buga ta a Olembe ba. Sai ranar 3 ga Satumba 2021 aka yi wasan farko a ciki, Kamaru ta ci Malawi 2 da nema. Gasar da aka sake ba Kamaru a madadin ta 2019 kuwa, sai 9 ga Janairu 2022 aka buɗe ta. Daga alkawari zuwa busa usur, shekara bakwai da ɗoriya.

Kuma a takarda ba fili kaɗai ba ne. An ce za a yi otal, da rukunin kantuna, da wurin ninƙaya, da zauren wasanni. Waɗannan su ne za su riƙa jawo mutane kullum, kuma su ne ba a kammala ba har aka yi gasar aka watse. Filin mai ɗaukar mutum 60,000 shi aka tsaya a kai, don shi duniya za ta gani a talabijin.

Ni abin da ya taɓa ni kai tsaye hanya ce da haya. Ina da ɗalibai daga Emana da Messasi, lokacin aikin titi kullum a makare suke zuwa, fararen riguna sun koma ja. Mai gidan da nake haya kuwa ya ƙara mini kuɗi, hujjarsa wai unguwa ta waye. Titin dai ya gyaru, wannan ba mai musu.

Alhajin Messasi:
Auta, ni ne na yi irin abin da yayanka ke son yi, don haka ka karanta masa wannan. Fili biyu na saya. Na farko yana da takardar mallaka ta gwamnati, na kai ta aka bincika, aka auna, aka kafa duwatsu. Ya fi tsada, har abokaina suna cewa an cuce ni. Shi ne yau na gina ɗakunan haya a kai, kuma alhamdu lillahi. Amma ka sani, masu hayar ba 'yan kallon ƙwallo ba ne. Ma'aikata ne da suka ga titi ya yi kyau, mota na kai su cikin gari.

Na biyun araha na bi. Wani ya ce gonar kakansa ce, muka rubuta 'yar takarda a gaban shaidu, na biya. Da na kai bulo sai ga wani da irin takardata, hannu ɗaya ya sa mana mu duka. Daga baya 'yan uwan mai gonar suka taso suka ce ba a raba gado ba. Maganar tana nan har yanzu, kuɗin zirga-zirga ya kusa kai kuɗin filin. Araha ba ta ado.

Ɗan Bensikin:
Ku yi haƙuri, nawa ba na ciniki ba ne, amma ba zan iya jin an ambaci Olembe in yi shiru ba. Ina wurin ranar Litinin 24 ga Janairu 2022, wasan Kamaru da Komoros. Tun la'asar nake jigilar mutane a babur har inda aka tare hanya, daga nan kowa ya taka. Da magariba ta yi na ajiye babur wajen wani ɗan uwa, ni ma ina da tikiti.

Lokacin korona ne, sai an duba katin rigakafi da takardar gwaji kafin tikiti, layi ba ya tafiya. Ga shi an rage lokacin aiki da na makaranta don mutane su je kallo, gari duk ya taso. Muka taru a ƙofar kudu, tana rufe. Na gaba ba su da wurin zuwa, na baya ba su san abin da ke gaba ba, sai turowa suke, don sun ji ihu daga ciki an kusa take wasa. Ban taɓa sanin mutum na iya rasa numfashi a tsaye ba sai ranar. Hannuna ɗaya ya maƙale a bayana, ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Wata mata kusa da ni tana ta cewa a karɓi ɗanta, aka ɗaga yaron sama ana miƙa shi hannu zuwa hannu. Da ƙofa ta buɗe, mutane suka zube kan juna.

Allah ya yi da sauran kwanana, wani ya fizgo ni ta gefen shinge. Takalma ne ko'ina a ƙasa. Mutum 8 suka rasu, 38 suka ji rauni. A ciki kuwa ana ta wasa, Kamaru ta ci 2 da 1, yawancin 'yan kallo ba su san komai ba sai da suka fito. Washegari shugaban CAF Patrice Motsepe ya ce ƙofar da ya kamata ta kasance a buɗe ce aka rufe, aka ɗauke wasan gaba zuwa filin Ahmadu Ahidjo. An dawo Olembe an yi na kusa da ƙarshe da na ƙarshe, Senegal ta ɗauki kofi a hannun Masar ranar 6 ga Fabrairu. Ni a gida na kalla. Duk wanda za a gina wa fili a garinsu, ya tambayi ƙofa nawa ce, kuma wa ke riƙe da makulli ranar wasa.

Inna Mai Shinkafa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu ɗana. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri.

Baba Mai Kilishi:
Amin. Jikana ne ke rubuta mini. Ina saurayi aka gina filin Ahmadu Ahidjo na Mfandena don gasar 1972. Ƙasashe 8 ne kawai, Kwango ta fitar da mu, ita ta ci kofin. Lokacin wajen bayan gari ne, yau ga shi a tsakiyar gari. Abin da ya raya shi, ƙungiyoyin ƙwallo na Canon da Tonnerre suna wasa a ciki, kowane mako akwai jama'a. Na yi shekaru ina sayar da kilishi a bakinsa.

Ɗan Garwa:
Maganar Baba ita ce. Mu a Garwa ba sabo aka yi ba, Rumde Ajiya aka gyara, yana cikin gari, ƙungiyar Coton Sport na wasa a ciki. Da Najeriya ta zauna a nan lokacin gasar, 'yan Yola da Mubi suka cika gari, masu masauki da masu nama sun samu sosai, har ranar da Tunisiya ta fitar da ita. Bayan gasa ma filin bai mutu ba.

Ɗan Tawa a Abijan:
Mu ma a Kwaddibuwa mun ga namu. Filin Alassane Ouattara na Ebimpe, mutum 60,000, 'yan Sin suka gina, aka buɗe a Oktoba 2020. Yana can bayan Abobo, wajen Anyama. A Satumba 2023 ruwan sama ya kwanta a kan ciyawar har aka tsayar da wasa da Mali, sai da aka sake gyara kafin gasar cin kofin Afirka da aka yi a nan. Na je wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu 2024 da riguna da tutoci, na Najeriya da na masu gida. Na masu gida suka ƙare tas, kore da fari kuwa na dawo da rabi. Ribar wata guda ce, na ji daɗinta, amma shagona na Ajame shi ke ciyar da gida.

Autan Hajiya:
Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Na karanta wa Yaya duka a waya, da ya ji na ɗan bensikin sai da ya yi shiru. Yanzu ya ce saniya ɗaya zai sayar, ba duka ba. Alhaji, tambayarsa ita ce: in dillali ya ce takarda tana hanya, a ba da rabin kuɗi a riƙe fili, ya halatta ya bayar?

Alhajin Messasi:
Kada ya ba da ko sisi. Ya karɓi lambar takardar, ya je ofishin filaye da ƙafarsa a duba masa sunan wa ke kai, kuma a nuna masa taswirar inda gwamnati ta shata wa ginin da titinsa, don kada ya sayi abin da katafila za ta bi ta kai. In an ga turakun awo an kafa, sannan a yi maganar kuɗi, a gaban mai filin da magadansa duka.