Hantsar giwa ko tiyata? Ku ba ni shawara kafin bikina

Ɗan Garwa:
Slm 'yan uwa. Wlh kunya ce ta hana ni tambayar kowa ido da ido shi ya sa na zo nan. Bikina saura wata uku, kuma tun ina yaro nake ganin kamar gabana ƙarami ne. Na sayi garin itacen nan hantsar giwa wajen wani mai magani a kasuwa sefa dubu 15, ya ce in kwaɓa da man shanu ina shafawa safe da dare, yau sati shida ba abin da na gani sai ƙaiƙayi, fatar ta yi jajir har tana saɓa. Yanzu abokina ya ce ana yin tiyata a Turkiyya, wasu kuma allura. Dan Allah wa ya san gaskiyar abin nan?

Nas daga Marwa:
Ƙanena ka daina shafawar nan yau, ka wanke da ruwa zalla, in bai lafa ba ka je asibiti. Ka ma taɓa aunawa kuwa? A 2015 likitoci a Ingila sun haɗa awon maza sama da 15,000, matsakaici ya fito kusan santimita 13 a miƙe. Ba a kiran sa ƙarami a likitance sai ya gaza 7 ko 8. Ita tiyatar, jijiyar da ta ɗaure shi da ƙashin mara ake yankewa, sai ya ɗan sauko santimita 1 ko 2 in yana kwance, amma in ya tashi kusan yana nan yadda yake, wani ma sai ya daina tsayawa sosai ya riƙa kallon ƙasa. Masu neman kauri kuma kitsen jikinsu ake ɗura musu, jiki ya shanye wani, saura ya dunƙule gudaji gudaji.

Baban Hanifa, Kusuri:
Allurar nan dai ɗana kar ka kusance ta. Wani yaron unguwarmu an ɗura masa basilin a bayan shago, da farko murna yake, bayan shekara wurin ya taurare kamar dutse ya fashe yana ruwa, sai da aka kai shi Njamena aka yanke fatar aka ɗebo ta cinya aka liƙa. Har yau tausayinsa nake ji.

Direban Gaundere:
Na ƙara da ƙwayoyi da zumar da ake cewa ganye ne zalla, da yawa sinadarin Viagra ake zubawa ciki ba a rubuta ba. Ko ɓawon itacen yohimbe na dazukan kudancin Kamaru jini yake hawar da shi, tashi yake sa wa, ba girma ba. In kana da tumbi rage shi, kitsen mara yana ɓoye tsayi sosai.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai. Yaya nas na auna daren jiya, 12 da rabi na samu, wlh sai da na yi ajiyar zuciya. Garin na zubar. Amma jan fatar bai tafi ba, likitan fata zan nema ko na mafitsara?