Château a jikin kwalba: fada ce, gona ce, ko gandu?

Mai Tambaya: Malamai, me za mu kira château a labarin giyar Faransa? Misali Château Lafite Rothschild da ke Pauillac a yankin Bordeaux, wanda Baron James de Rothschild ya saya a 1868, har yau kuma yana hannun zuri'arsa. Ƙamus ya ce fada.

Ɗan Damagaram: Malam, bar fadar nan. A Bordeaux ko gidan bai kai ya kawo ba château ake ce masa, muddin akwai gonar inabi, da wurin tsima giyar, da ɗakin ajiyar ganguna, duk a hannu ɗaya. Ni gandun inabi na zaɓa. Gandu ai gonar gida ce ta gado, ba gayaunar mutum ɗaya ba. Rubutun mis en bouteille au château da ke jikin kwalba kuwa sai mu ce "a gandun aka ɗura". Mouton Rothschild, wani gandun a Bordeaux, ya soma ɗura duk amfanin shekararsa a gida tun 1924.

Malama Mai Ƙamus: Gandu ya zauna. Inda nake da ja shi ne abin da ke cikin kwalbar. Wasu na rubuta "jan ruwan inabi", mai karatu ya ɗauka lemo ne, alhali barasarsa takan kai kashi 13 cikin 100. A ce jar giyar inabi, kowa ya san abin da ke gabansa.

Ɗan Damagaram: Haka ne, Malama. Jan ma ba na ruwan ba ne. In ka matse inabin Cabernet Sauvignon ko na Merlot, ruwan kusan fari yake fita. Daga ɓawo launin ke zuwa, shi ya sa ake barin ruwa da ɓawo da ƙwallo su tsimu tare mako biyu zuwa uku. Ɓawon yakan taso sama ya yi tuƙa, sai a riƙa janyo ruwan ƙasa ana kwarara masa a kai kullum. Zafi kada ya wuce digiri 30 na ma'aunin Celsius da yawa. In ya haura 35 yis na iya mutuwa, tsimin ya tsaya da sauran sukari a ciki. Daga nan sai gangar katako mai lita 225, kwalba 300 ke nan, ya yi kamar wata 18. Katako na shan wani, wani ya bi iska, don haka dole a riƙa cike gangar. In an bar sarari, iska ta shiga, ya koma ruwan tsami.

Mai Tambaya: To tannin fa? Ɗaci?

Malama Mai Ƙamus: A'a, ɗaci na maɗaci ne. Wannan bauri ne, irin na ɗanyar kanya da ke kama harshe da dasashi. Ɓawo da ƙwallo da katakon ganga ke ba da shi, yana kuma laushi in giyar ta shekara. Rubuta sinadarin bauri.