Dutse a Alƙur'ani: mai tsoron Allah ne ko misalin busasshiyar zuciya?

Mushen Birni:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, aji shida nake riƙe da shi. Karatun allo kuwa a izu ashirin na tsaya, shi ya sa na kawo wannan magana gaban waɗanda suka fi ni.

Gidanmu na gado a Birni yake, tsohuwar unguwar Damagaram, kuma duk wanda ya san unguwar ya san yadda duwatsu suka zauna a tsakanin gidaje kamar giwaye sun durƙusa. Katangar bayan gidanmu ba mutum ya gina ta ba, dutse ce. Kakanmu ya jingina ɗakinsa da shi, ya huta da bango ɗaya. A kansa mata suke shanya kuɓewa da barkono, da bazara kuma yana riƙe zafin rana har tsakar dare, wanda yake kwana a ɗakin shi ya san abin da yake sha. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda mu hau shi da tsakar rana ko da magariba, wai lokacin masu wurin suke fitowa. Mun hau dai, mun sha bulala.

Daren Juma'a an ɗauke wuta, muna zaune gindin dutsen nan, ɗiyata mai shekara 12 tana tilawar ƙarshen Suratul Hashri. Da ta kai aya ta 21 na gaya mata ma'anar: da an saukar da Alƙur'ani a kan dutse, da an gan shi ya ƙasƙantar da kai, yana tsattsagewa don tsoron Allah. Sai ta ce, "Baba, to ai malaminmu na islamiyya ya ce a Baƙara an ce zuciyar da ta bushe kamar dutse take. Yaya abu ɗaya zai zama mai tsoron Allah, kuma ya zama misalin wanda ba ya tsoron Allah?" Na ce ta je ta kwanta, sai gobe. Yau kwana uku ke nan ina kauce mata. Me dutse yake nufi a cikin Littafi?

Almajirin Garin Malam:

Wa alaikumus salam, Mushe. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta yi tambayar manya.

Rabin rikicin daga bakinmu yake. Mu komai dutse ne: na niƙa dutse, na jifa dutse, wanda ake hawa dutse. Larabcin Alƙur'ani ya rarraba su. Akwai jabal, wato tsauni. Akwai hajar, dutsen da ake iya ɗauka ko a fasa. Akwai sakhra, ƙaton dutse irin na bayan gidanku. Na Hashri jabal ne, na Baƙara hijara ne, jam'in hajar.

Amma ko ba a shiga nan ba, ka sa ta karanta ayar Baƙara ta 74 har ƙarshe, don da alama malaminsu a tsakiya ya tsaya. Bayan an ce zukatansu sun ƙeƙashe kamar duwatsu, sai aka ce ko ma sun fi su tauri. Nan take aka wanke dutsen: a cikin duwatsu akwai wanda ƙoramu suke ɓuɓɓugowa daga gare shi, akwai wanda yake tsagewa ruwa ya fito, akwai wanda yake gangarowa don tsoron Allah. Ka ga ashe ba dutse aka zaga ba. An ɗauko abin da ɗan Adam ya sani ya fi komai tauri, aka ce masa wannan ma yana yin laushi, kai me ya same ka? Ayoyin biyu magana ɗaya suke yi.

Abin da na lura da shi a ɗan karatuna, kusan duk inda mutum ya dogara da dutse a Alƙur'ani, sai an nuna masa dutsen ba madogara ba ne. Ɗan Annabi Nuhu ya ce zai fake a tsauni ya kare shi daga ruwa, aka ce masa yau babu mai karewa daga hukuncin Allah sai wanda Ya yi wa rahama, igiyar ruwa ta shiga tsakaninsu (Hudu, 43). Samudawa suna sassaƙa gidaje a jikin duwatsu suna ganin sun tsira, tsawa guda ta gama da su da asuba, yana nan a Suratul Hijri. Wurin yana ƙasar Saudiyya har yau, ana ce masa Mada'in Salih, ko da yake ƙofofin da ake gani a hoto kaburburan Nabatiyawa ne da suka zauna a wurin daga baya. Da Manzon Allah (SAW) ya bi ta nan a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai dai suna kuka. Shi kuwa Annabi Musa da ya roƙi ganin Ubangiji, tsauni aka ce ya duba, tsaunin ya niƙe, shi ya faɗi a some (A'araf, 143).

Wannan ba ya nufin dutse ba shi da daraja. A Suratun Naba'i an kira duwatsu turaku, irin yadda ake kafa turke. An bijiro musu da amana suka ƙi ɗauka don tsoro, mutum ya ɗauka (Ahzab, 72). Sun yi tasbihi tare da Annabi Dawuda. Uhudu, Annabi ya ce yana sonmu muna son sa. Wahayi na farko ma a kogon Hira ya sauka. Sai dai ranar ƙarshe turakun nan za su koma kamar gashin tumaki da aka shiɓe, yarinyar ta san wannan tun daga Ƙari'a.

Zancen masu wurin da Hajiya kakarka take yi, Allah ya gafarta mata, tsohon abu ne a ƙasar Hausa, tun zamanin da ake kai yanka Dutsen Dala. Maganin sa maganar Sayyidina Umar ce ga Hajarul Aswad: na san kai dutse ne, ba ka cutarwa ba ka amfanarwa. Amma hana yara hawa da tsakar rana, ta yi gaskiya, ko don kunama da santsi.

Magini ɗan Zango:

Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, shekara 26 ina gini. Malam, gafarta, ka bar wadda ta fi taɓa ni, ta cikin Tauba, aya ta 109, inda aka kwatanta wanda ya kafa gininsa kan tsoron Allah da wanda ya kafa nasa a bakin gaɓa mai zaftarewa. Wani malami ya taɓa fassara mana kalmar juruf da take cikin ayar, ya ce gaɓar da ruwa ya cinye ƙarƙashinta, sama tana nan kamar lafiya lau. Wallahi da ya faɗa sai na ga bakin kwari da damina. Na taɓa gaya wa wani mai gida kada ya sa harsashi a irin wurin, ya ce filinsa ne, kuɗinsa ne. Na bar masa aikin, wani ya yi. Damina biyu bayan gida ya tafi da rabin katanga.

To a ganina abu biyu ne masu kama da juna daga nesa, dutsen gaske da gaɓa. Sai ka sa diga za ka sani.

Batun ruwa daga dutse kuma, mu ƴan Damagaram mun fi kowa jin wannan aya. Garin a kan fa yake zaune, ka haƙa rijiya kamu kaɗan diga ta fara tartsatsi, shi ya sa tun da can ake jawo mana ruwa daga nesa, daga wajen Gogo. Wanda ya taɓa bin layin jarka da asuba, in aka ce masa dutse ya tsage ruwa ya fito, ba sai an yi masa tafsiri ba.

Maman Talatu:

Sannunku da hira. Ni Kirista ce, ina aikin jinya, a Sabon Gari nake zaune, in ba ku damu ba zan faɗi yadda yake a wurinmu.

Abin da Malam ya ce game da masu fakewa a dutse, muna da shi. Annabi Obadiya ya yi wa mutanen Edom magana, su da suke zaune a kogwannin duwatsu masu tsawo, suna cewa wa zai sauko da mu, ya ce girman kansu ne ya ruɗe su. Maganar Baba magini ma tana nan a Matta sura 7: mai hikima ya gina gidansa a kan fa, wawa a kan rairayi, ruwa ya zo ya raba gardama. Musa kuma ya bugi dutse a Horeb ruwa ya fito, Fitowa sura 17.

Inda muka bambanta shi ne a Zabura ana kiran Allah kansa Dutse. Ta 18 ta ce Ubangiji ne dutsena da kagarata. Ba ana nufin a yi wa dutse sujada ba, Dawuda ya daɗe yana ɓuya a kogwanni yana gudun Sarki Saul, ya san abin da mafaka take nufi ga wanda ake farauta. Mahaifiyata ba ta iya karatu ba amma ta haddace wannan, ita take maimaitawa a gadon asibiti.

Almajirin Garin Malam:

Mun gode, Maman Talatu, Allah ya saka. Mu ba ma kiran Allah da sunan da bai zo a nassi ba, don haka ba za mu ce masa dutse ba. Mafi kusa da na sani shi ne maganar Annabi Luɗu da mutanensa suka matsa masa, ya ce ina ma yana da wani rukuni mai ƙarfi da zai jingina da shi (Hudu, 80), kuma a hadisi Annabi ya ce Allah ya jiƙan Luɗu, ai da ma a rukuni mai ƙarfi yake jingine. Baba magini, ka kama ni, na manta da juruf. A kan masallacin da munafukai suka gina a Madina ayar ta sauka.

Mushen Birni:

Allah ya saka muku duka. Jiya bayan isha'i na sa ta buɗe Baƙara da kanta ta karanta ayar har ƙarshe. Ta yi shiru, can ta ɗauki tocila ta haska wata tsaga a jikin dutsen namu, inda wata ƴar cediya ta tsiro shekara uku da suka wuce, uwarta tana ta cewa in cire. Ta ce to wannan yana cikin masu tsagewa ke nan. Yanzu kuma ta hana a cire.

Baba magini, tsagar nan daidai inda bangon ɗakin ya haɗu da dutsen take, kuma bana na ga danshi daga ciki. In kana da hanya ta Birni ranar Asabar ka leƙo ka duba mini kafin saiwar ta yi nisa, akwai shayi.