Yudoksus ko Hilbert: wanne zan kama a projet ɗina?

Ɗalibar Lissafi: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan miƙa taken projet a kan daidaiton rabo a jometiri. Malamina ya ce in zaɓi ɗaya: ko ma'anar rabo ta Yudoksus, masanin lissafin tsohuwar Girka, da ke littafi na 5 na jometirin Yuklid, ko hanyar Hilbert ta 1899 da ya gina rabo da lissafin guntayen layi, ba tare da ƙa'idar Arkimidis ba (wadda ta ce in aka yi ta jera guntun layi, zai wuce kowane tsawo). Wata uku gare ni. Waɗanda suka taɓa yi, wacce za ta kammalu cikin wannan lokacin?

Mai Kamfas: Ki yi tsarin jometiri na Tarski, ƙanwata. Ɗigo kawai yake amfani da shi.

Tsohon Alli: Wa alaikumus salam. Ni Birkhoff na bi, tsarinsa na 1932 mai aksiyom huɗu (wato ƙa'idojin da ake ɗauka ba tare da hujja ba), wanda ya dogara da rula da ma'aunin kusurwa. Wata biyar ina kai. Ranar kare aikin, mai jarrabawa ya buɗe shafi na uku, ya ɗora biro a kai ya ce, "Ka ari lambobin layin lamba tun farko, to me ya rage ka gina?" Zufa ta jiƙa min riga. Har yau abin na cina, domin malamina ya sa hannu a shafin nan.

Ɗalibar Lissafi: Allah sarki Malam. Amma ni tsakanin biyun nake tambaya.

Ummu Alwatika: Littafin Hilbert tsada gare shi, na kasa saya.

Mai Kamfas: Wace tsada? Fassarar Townsend ta 1902 kyauta take a intanet.

Ummu Alwatika: Tsohon bugu ke nan, an gyara aksiyom ɗin daga baya. Kai ka taɓa duba projet ɗin wani? Shekara tara ina koyarwa. 'Yar uwa, kama Yudoksus. Ma'ana ɗaya ce za ki tona sosai, ki nuna yadda take auna gefen murabba'i da layin da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan ki haɗa ta da yankan Dedekind na 1872, wato hanyarsa ta gina lambobin layin lamba.

Ɗan Baya: An ce Hilbert ya ce a sa tebur da kujera a madadin ɗigo da layi. Ki yi projet a kan kujera, ko ba komai kya zauna.

Tsohon Alli: Ba abin dariya ba ne. Babi uku na miƙa, ko waƙafi malamina bai gyara ba.

Mai Kamfas: Nawa malamin wata biyu takarduna na cikin durowarsa. Da na je karɓa sai ya tambaye ni sunana.